Akwatin Mahir

A gidan Hajja Fatna da ke unguwar Alshajara a birnin Khartum, kowa ya san abin da ake yi ranar Juma'a bayan la'asar. Asma, autar gidan, za ta soya kofi a kasko, ta daka shi da citta, ta ɗora jabana, 'yar butar dafa kofi, a kan garwashi. Yayanta Rashid zai janye ƙyallen da ke lulluɓe da kwamfuta ya kunna ta. Hajja kuwa za ta zauna a bakin angarib, gadon nan na igiya, ta gyara mayafinta kamar mai shirin tarbar baƙo. Sannan Mahir ya yi magana.

Mahir shi ne babban ɗanta, kuma ya daɗe da rasuwa. A shekarun da yaƙin Kudu ya yi zafi, sojoji suka tare hafila, motar bas ɗin da yake ciki, a hanyar kasuwa, suka sauke duk saurayin da ba shi da katin hidimar ƙasa. Daga sansani aka wuce da shi Kudu. Abu biyu ne suka dawo gida daga wajensa. Na farko kaset ne da ya aiko ta hannun wani soja da aka ba hutu. Na biyu labarin mutuwarsa, babu gawa, babu kabarin da za a nuna. Mahaifinsu Ado, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen cirar auduga a gonakin Jazira kafin ya kwaso iyalinsa ya kawo su Khartum, bai jima ba ya bi ɗan.

Kaset ɗin ba wani dogo ba ne. Ana jin ruwan sama yana dukan kwano, Mahir yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da Hausa, in magana ta ƙwace masa ya zarce da Larabci. Yana tsokanar Asma da haƙorinta da ya faɗi. Yana ƙorafin abinci, wai kullum adas ne, ɗan ƙaramin waken nan. A ƙarshe muryarsa ta sauka, ya ce, "Yumma, ki yafe mini duk abin da na yi miki." Hajja ba saurare kawai take yi ba, amsa masa take yi. In ya ce, "Yumma, kina lafiya?" ta ce, "Lafiya lau, ɗana." In ya zo wajen neman gafara, ta ɗaga tafin hannunta ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira." Kowace Juma'a sai ta yafe masa, kamar tana tsoron ta makon jiya ba ta isa inda yake ba.

Zafin Khartum ba ya barin kaset ya tsufa da mutunci. Muryar ta fara ja, tana rawa. Da mijin wata 'yar'uwarsu ya aiko wa Rashid tsohuwar kwamfuta daga Jidda, abin da ya fara yi da ita shi ne ya kwafe muryar ya zuba a ciki. Ba a yi wata biyu ba rikoda ta tauna zaren kaset ɗin ta tsinka shi gutsi-gutsi. Tun ranar Hajja ta saƙa wa kwamfutar ƙyalle, ta raɗa mata suna akwatin Mahir. Duk duniya babu inda muryar nan ta rage sai a cikinsa.

Rashid yana aikin naɗin wayar injinan ban ruwa a wani shago cikin unguwar masana'antu. Sana'a ce ta halal, amma ta ishe shi, kuma yana ganin yadda ta mai da maigidansa, idanu sun mutu, baya ya tanƙware. Da yamma yakan wanke hannu ya hau hafila zuwa tsakiyar gari, inda ya shiga wata ƙaramar makarantar koyon kwamfuta a saman wani kanti. Abin da yake nema shi ne shahadar farko ta gyaran kwamfuta da haɗa ta da 'yan'uwanta, takardar da ake fara nuna wa mai ɗaukar aiki.

Malaminsu, Ustaz Salahuddin, gajere ne mai sanƙo, ba ya shafa wa magana mai.

"Ku saurara, ya shabab, ku samari," ya ce musu. "Manyan shahadodin nan na kamfanonin waje ba a zana jarrabawarsu a ƙasar nan, takunkumi ya hana. Sai mutum ya je Alƙahira. Wanda kuma yake da kawu a gwamnati ba ya bukatar ko ɗaya, waya guda ta ishe shi. Wa ke da kawu a ma'aikata a cikinku?"

Babu wanda ya ɗaga hannu.

"Ni ma ba ni da shi, shi ya sa nake tsaye a nan ina gasuwa tare da ku. To ku fara da tamu ta gida. Akwai wani kamfanin sufuri da ya ce in aiko masa waɗanda suka fi ƙoƙari, zai gwada su. Daga nan mutum ya tara, ya je ya zana babbar."

Rashid ya san darajar wannan maganar fiye da sauran. Shi Bahaushe ne, cikin waɗanda ake kira Fallata. An haife shi a Sudan, an binne kakansa a Jazira, amma duk ofishin da ya shiga sai an dube shi an tambayi daga ina asalinsu yake. Ya ƙudurta cewa takarda ce kaɗai za ta yi masa magana a wurin da ba shi da kowa.

Jarrabawar kashi biyu ce, ta rubutu da ta hannu. Ta rubutu ba ta dame shi ba, don Allah ya ba shi hadda. Ta hannun ce matsala. Za a ajiye maka kwamfuta a gabanka, ka share duk abin da ke cikinta, ka rarraba faifan ajiyarta, ka zuba mata sabon tsari, ka haɗa ta da sauran, duk kafin lokaci ya cika. A makarantar ɗalibai sun ninka na'urori, wuta kuma tana ɗaukewa lokacin da ta ga dama. Sau da yawa Rashid yakan koma gida bai taɓa komai ba sai kafaɗar na gabansa.

"Kanka ya sani, hannunka bai sani ba," Ustaz ya ce masa. "Ka samu na'ura ka yi ta yi mata fomat kana sake zubawa har hannun ya daina tambayar kan. Ba ka da ita a gida?"

"Akwai," in ji Rashid.

Da safe ya samu mahaifiyarsa a ƙarƙashin rumfa tana ƙulla soyayyar gyaɗa a leda, wadda take kaiwa tashar mota ta sayar har azahar. Ya tsuguna yana taya ta.

"Yumma, jarrabawata ranar Laraba ce. Ina so in yi aiki da kwamfutar nan."

"Ka yi mana. Ba kullum kake latse-latsenta ba?"

"Wannan daban ne. Sai na share duk abin da ke cikinta na sake zuba sabo."

Hannunta ya tsaya a kan ledar. "Duk abin da ke cikinta."

"Zan fitar da Mahir tukuna in ajiye shi a wani wuri. In na gama in mayar da shi. Abu ne mai sauƙi, wallahi, kowa yana yi."

"An taɓa fitar mini da shi daga mota aka ce za a mayar," in ji Hajja. Ta ƙulle ledar ta jefa a faranti. "Ka bar shi inda yake."

"Yumma, aikin nan in na samu..."

"Allah ya ba ka. Ka bar shi inda yake."

A nan Rashid ya yi laifinsa, kuma bai kamata a laɓe bayan ƙaddara a ce babu mai laifi ba. Uwarsa ta hana shi da baki, ya ji sarai. Sai ya ce a ransa ai tsohuwa ce, ba ta san yadda abin yake ba, tsoro ne kawai irin na wanda bai yi karatu ba. Ɗan ilimin da ya samu a saman kanti ya sa ya ga kamar ya fi ƙarfin neman izini. Bai yi mata musu ba, bai ɗaga murya ba. Ya jira ta ɗauki farantinta ta fita.

Ya roƙi maigidansa hutun 'yan kwanaki. Ranar Asabar da hantsi ya kwafe muryar Mahir a filash, ɗan ƙaramin abin nan mai kamar yatsa, ya kunna ya tabbatar ta shiga, ya ji ruwan saman, ya ji gaisuwar. A littafinsu an rubuta cewa abu mai muhimmanci kwafi biyu ake yi masa a ajiye a wuri biyu. Ya san wannan amsar, da an tashe shi daga barci zai faɗe ta. Amma filash ɗaya gare shi, ya ce gobe zai sayi faifai ya ƙara. Goben ba ta zo ba. Ya yi tunanin sa shi a aljihu, sai ya tuna yadda aka taɓa zare masa wani a cunkoson hafila. Ya buɗe kabad ɗin gilashi, ya ajiye shi cikin ɗan kwanon da ake zuba makullai da allurai, yana ganin babu inda ya kai ɗakin uwarsa tsaro.

Sannan ya zauna ya share akwatin Mahir.

Ya share, ya zuba. Ya sake sharewa, ya rarraba faifan wani iri, ya sake zubawa. Kowace safiya haka, daga fitar Hajja har ya ji kiran azahar, sai ya mayar da ƙyallen yadda yake, ya tafi makaranta. Hannunsa ya saki, ya daina duba littafi. Asma ta gan shi, ta tambaya, ya ce mata gyara yake yi. Ko sau ɗaya bai leƙa kwanon makullan ba.

Abin da ya manta shi ne irin layin da suke zaune. Mutanen layin duk daga ƙauyukan leburorin Jazira suka taso, inda gida goma ke aiki da turmi ɗaya, kuma sun zo birni da halinsu. Tsani, babbar tukunya, kujerun roba, dutsen guga, abin cajin waya, babu wanda yake na mutum ɗaya. Ana miƙa su ta kan katanga ba tare da an tambayi mai su ba. A ce maƙwabci ya roƙi abu yana gani a ɗakinka ka ce babu, wannan abin kunya ne da za a riƙa tuna wa jikokinka. Rashid a cikin wannan ya girma. Shi kansa takalmin da ya sa ranar jarrabawa na ɗan maƙwabta ne.

Ranar Laraba ya zana jarrabawar. Ta rubutu ya gama kafin kowa. Da aka zo ta hannu, yatsunsa suka yi ta tafiya da kansu, ya haɗa na'urar, ta ga 'yan'uwanta, ya ɗaga hannu. Ustaz Salahuddin ya zo ya duba, ya sake dubawa, ya buga masa kafaɗa.

"Mabruk, ya bashmuhandis! Barka, babban injiniya! Ashe hannun yana da rai. Ranar Lahadi ka sa riga mai guga ka je kamfanin nan, ka ce ni na aiko ka."

A hafila ya kasa zama daidai. Kwandasta ya ce masa, "Ya zol, bawan Allah, ango ne kai ko kuɗi ka tsinta?" Ya yi dariya har mutane suka juyo. Da ya shiga gida ya faɗa, Hajja ta rangaɗa guɗa, abin da ba a ji ta yi ba tun rasuwar Ado. Ta kama kansa da hannu biyu ta tofa masa addu'a. Ta aiki Asma ta sayo ƙanƙara a haɗa zoɓo.

Ya bari Hajja ta fita sanar da maƙwabta, sannan ya buɗe kabad ɗin don ya mayar da Mahir wurinsa tun Juma'a ba ta zo ba. Makullai suna nan. Allurai suna nan. Ya juye kwanon a tafin hannunsa. Ya duba bayan kofuna, ya duba ƙasa.

"Asma! Wa ya taɓa kwanon nan?"

Ta leƙo da ƙanƙara a hannu. "Me ka rasa?"

"Filash. Baƙi, ƙarami."

"Au, wannan? Yumma ta ara wa Khala Sittana tun ranar Litinin. Waƙoƙin lallen 'yarta Layla za a zuba musu. Ta zo tana tambaya ko kana da irin abin nan da ake sa wa sifika, Yumma ta ce ga wani nan yana zaune ba ya komai." Ta dubi fuskarsa. "Rashid, mene ne? Me ke ciki?"

Ta dubi kwamfutar da ke ƙarƙashin ƙyalle, ta sake dubansa. Ƙanƙarar tana ɗiga a kan ƙafarta ba ta ji ba.

Gidan Sittana katanga ɗaya ce ta raba su. Aminiyar Hajja ce tun suna 'yan mata a gonar auduga, ita ta zauna da ita kwanakin makokin Mahir, kuma ranar Juma'a za a sa wa 'yarta Layla lalle. Tsakar gidan cike yake da mata da hayaƙin turaren amarya.

"Ga injiniyanmu!" in ji Sittana. "Mabruk, ɗana! Yanzu sai aure. Ku dube shi, kunya yake ji."

"Khala, filash ɗin nan da Yumma ta ba ki..."

"Allah ya yi maka albarka, ya yi mana rana. Da muka je Kasuwar Umdurman sayen kayan turare na kai wa Mainasara mai waƙoƙi, ya cika mana shi taf. Ya ce ko allura ba za ta shiga ba. Kana so ne? Ka dawo mana da shi kafin Juma'a dai, kar ka sa amarya kuka."

Ta kwance bakin mayafinta ta miƙa masa. Ya koma gida ya sa a kwamfuta. Waƙoƙi ne tun daga sama har ƙasa.

Washegari da sassafe ya kwance faifan ajiyar kwamfutar ya naɗe a tsumma, ya haye gada zuwa Umdurman. Ya ratsa layin masu yaji da na maƙera har ya samu rumfar Mainasara, wani Bahaushen Umdurman mai faɗin fuska, zaune tsakanin sifiku biyu.

"Na tuna shi," in ji Mainasara. "Wata hajiya ce ta kawo, mai yawan ciniki."

"Akwai abu a ciki. Ka ajiye shi a naka kafin ka zuba?"

"In ajiye? Ɗan'uwa, ni duk filashin da ya shigo hannuna fomat nake fara yi masa. Ka san irin cututtukan da ke yawo a cikinsu? Guda ɗaya ya taɓa kwantar mini da na'ura mako guda. Tun ranar ba na ko buɗewa. Na tambaye ta, hajiya akwai abin da kike so a ciki? Ta ce babu komai, na ɗanmu ne." Ya rage ƙarar waƙar. "Takardun makaranta ne?"

"Muryar yayana ce. Ya rasu a Kudu."

Mainasara ya kashe waƙar gaba ɗaya. Ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha, Rashid ya ɗaga nasa. "Wallahi da na sani," ya ce. "Ka yi haƙuri. Zauna ka sha shayi." Rashid ya yi godiya ya wuce. Ba shi da bakin ganin laifin mutumin. Shi ma abin da ya yi wa faifan da ke cikin tsumman nan ke nan, kuma shi ya san abin da ke ciki.

Ya sake haye gada ya koma Khartum, ya hau benen makarantar. Ustaz Salahuddin ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba.

"Sau nawa ka share faifan?"

"Da yawa, Ustaz."

"Kana zuba sabo a kai kowane lokaci."

"E."

"Jiya tambayar nan ta fito a takardarku. Kwafi nawa ake yi? Ka ci ta. Na duba da kaina, ka ci ta." Ya cire tabarau ya murza ido. "Kawo. Abin da aka share kawai, sau da yawa yana nan kwance, ana iya tono shi. Abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi. Kar ka sa rai."

Filashin bai ba da komai ba, waƙoƙin Layla sun hau kan kowane lungu nasa. Faifan kuwa suka sa masa manhajar tono, suka zauna suna kallo tana bin sa a hankali. Wuta ta ɗauke, suka jira, ta dawo, suka sake farawa. Ustaz ya aika aka sayo musu wake da burodi, Rashid ya kasa ci. Can bayan la'asar ta fara fito da tarkace, rabin hoto, guntun takarda, sautukan da ba su da kai. Suka yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya. A cikin wani guntu sai ga ruwan sama yana dukan kwano.

Rashid ya miƙe tsaye.

"...abincin nan kullum adas ne, Yumma, safe adas, dare adas, har na fara..." Dariya ta taso, ta yanke a tsakiya.

Suka nema har magariba ta gabato. Babu sauran.

Da ya dawo unguwa ya fara biyawa ya mayar wa Sittana filashin. A gida ya mayar da faifan cikin kwamfutar, da guntun muryar da suka tono. Sannan ya ja Asma bayan rumfa.

"Ba za ki faɗa wa Yumma cewa muryar tana cikin filashin ba. Ko Khala Sittana kar ta ji."

"To me za ka ce?"

"Abin da na yi."

"Amma ai da ba ta bayar ba..."

"Da na faɗa mata abin da ke ciki, da ko hannunta za a yanke ba za ta bayar ba. Ki rantse."

Asma ta rantse tana kuka.

Ranar Juma'a tun da azahar aka kafa rumfar biki a layi, aka jera kujeru, rabinsu daga gidan Hajja. Bayan la'asar masu sifika suka fara gwaji, waƙa ta cika unguwa. Hajja ta yi wanka ta sa tufafinta na fita, amma ta ce ba za ta shiga gidan biki ba sai ta gaisa da ɗanta. Asma ta ɗora jabana. Hajja ta zauna a bakin angarib ta gyara mayafi.

"Kana jin waƙar nan?" ta ce wa Rashid tana murmushi. "Daga abin nan naka take fitowa. Sittana sai sa maka albarka take yi. Na ce mata ai kayan Rashid na kowa ne, haka ubansa yake. Rufe taga, kar su hana ni jin yayanka."

Ya rufe tagar. Bai je wajen kwamfutar ba. Ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Yumma, na yi abin da kika hana ni."

Murmushin bai bar fuskarta nan da nan ba.

"Da kina tasha na share akwatin don in koyi aikin jarrabawa. Na ce zan mayar da shi. Ban iya ajiye shi yadda ya kamata ba. Ya ɓace a hannuna. Jiya ni da malaminmu muka wuni muna nema, ɗan kaɗan muka samu."

"A hannunka," in ji ta.

"A hannuna. Ni kaɗai."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga hannu ba, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da ya fi masa sauƙi. Jabana ta tafaso ta zube a kan garwashi, Asma ba ta motsa ba.

"Kunna abin da ya rage."

Ya tashi ya janye ƙyallen ya kunna. Ruwan sama ya sauka a kan kwano, waƙar biki tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"...abincin nan kullum adas ne, Yumma, safe adas, dare adas, har na fara..."

"Ka ci dai, ɗana," in ji Hajja, kamar yadda ta saba faɗa a daidai wurin. "Ka ci ka ƙoshi."

Dariyar ta yanke. Hajja ta ci gaba da zama, kanta a karkace, tana jiran abin da ke biyo baya. Babu abin da ya biyo baya.

Rashid ya haddace kaset ɗin kamar yadda ya haddace littafinsa. Ya ga tana jira, ya kasa jurewa, ya buɗe baki a hankali ya ɗora daga inda aka tsaya. "Har na fara mafarkin tuwonki. A gaida Baba, a ce masa..."

Ta ɗaga masa hannu. "Bari. Kalmomin ina da su. Ba su na rasa ba."

Ya koma ya durƙusa a gabanta.

"Wurin da yake neman gafara," ta ce, "babu?"

"Babu, Yumma."

Ta gyaɗa kai. Ta buɗe tafin hannunta wajen kwamfutar da ba ta cewa komai, ta ce, "Ko ba ka tambaya ba, na yafe maka duniya da lahira."

Rashid ya tsaya a durƙushe ko za ta juyo ta faɗa masa irin wannan. Ta miƙe, ta ɗauki ƙyallen da hannunta ta lulluɓe akwatin, ta daidaita gefunansa.

"Ranar Lahadi ka je aikinka," ta ce, ba ta dube shi ba. "Tunda an riga an biya shi da tsada, kar ya tafi a banza. Asma, ɗauko mini takalmina. Sittana tana jira, ba a barin maƙwabciya ita kaɗai ranar farin cikinta."

Suka fita. Da aka buɗe ƙofa waƙar ta shigo da ƙarfinta, mata suka tarbi Hajja da guɗa. Rashid ya zauna a ƙasa kusa da garwashin da kofi ya kashe, yana jin waƙoƙin Layla ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin kowace.